Hutun Kwana Shida a Gaɓar Bahar Maliya, da Kyamara a Hannu

Duk mai harkar riɗi a Gadarif ya san sunan Bur Sudan kamar sunan unguwarsu. Farashin da za a kira da safe a kasuwar amfanin gona, rabinsa daga can yake fitowa: jirgi ya iso ko bai iso ba, hanya a buɗe take ko an tare ta, dala ta hau ko ta sauko. Mu ne masu auna buhu, mu ɗinke, mu loda wa manyan motoci, mu karɓi lambar direba, sannan mu koma kan benci mu jira waya. Amma zagaya rumfunanmu ka tambayi mutum nawa ne suka taɓa tsoma ƙafa a ruwan da riɗin nan yake hayewa. Da yatsun hannu za ka ƙirga su. Waɗanda suka je ma, a guje suka je, bin kuɗi ko bin kaya, suka kwana ɗaya suka juyo. Iyali kuwa ba a ma zancensu.

A watan Janairun 2018, bayan hada-hadar riɗi ta lafa, dawa kuma ta fara shiga sito, na bar wa ƙanena rumfa, na kwashi uwargida da yara uku da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda a lokacin ta doshi shekara 80, muka nufi bakin teku. A aljihun jallabiyata akwai wata 'yar ƙaramar kyamarar dijital ƙirar Canon, wadda na saya a hannun wani ɗan'uwa da ya dawo daga Jidda. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa fatake na nan Sudan da masu karanta mu daga Kano, Maraɗi, Njamena, Kumasi da Jidda. Ina so ku ga wurin, ku san yadda ake ɗaukar hoto a rana mai ƙarfi irin ta bakin teku, ku kuma ji dalilin da ya sa nake cewa hoton iyali ba almubazzaranci ba ne.

Ruwan da kakanni suka nufa

Bahaushen Sudan ba ya kallon Bahar Maliya da idon ɗan yawon buɗe ido. Kakanninmu ba Gadarif suka nufa ba ranar da suka bar gida. Makka suka nufa. Wasu sun fito ne bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har gobe ake kira Mai Wurno. Wasu tun kafin nan suke tafe, wasu kuma bayan nan, a ƙasa, da jakuna da mata da 'ya'ya: Barno, Wadai, Jinena, Fashir, Ubayyid. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, a sake ɗaura kaya.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, da yawa suka tsaya tsinkar auduga don tara kuɗin jirgi. Da noman inji ya fara a Gadambaliya, yamma da Gadarif, a tsakiyar shekarun 1940, aka shiga neman hannuwan yankan riɗi da dawa, sai wasu suka matso nan. Tafiyar da aka yi wa lissafin shekara biyu ta koma ashirin, daga nan ta koma gida da gona da maƙabarta.

Ƙarshen hanyar ƙasan nan shi ne Sawakin. A nan ake killace maniyyata a duba lafiyarsu, a nan ake shiga jirgi. Wanda ba shi da takarda ko kuɗin babban jirgi sai ya nemi masu sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska, su haye da shi a ɓoye. Daga nan zuwa Jidda ya ɗan haura kilomita 300. Kakana, mahaifin gwaggo, ya baro ƙasar Katsina yana saurayi, ya rasu a Gadarif yana tsoho, bai ga ruwan nan ba. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. In yara suka tambaye ni kamanninsa, sai dai in ce su kalli hancin gwaggo.

Hanya

Daga Gadarif zuwa Bur Sudan kusan kilomita 800 ne a kan kwalta. Bas yakan yi ta a yini guda in ya tashi da asuba, amma da tsohuwa da yara sai muka raba ta biyu. Muka wuce Shuwak, muka haye kogin Atbara a Khashmul Girba, muka kwana a Kasala wurin 'yan'uwa. Mai kyamara kada ya wuce Kasala bai tsaya ba. Duwatsun Taka da Totil suna tsaye a gabashin gari, sumul kamar an yi musu ƙwal-kwabo, masallacin Khatmiyya yana gindinsu. Da la'asar rana takan bugi fuskarsu su yi ja kamar garwashi. Muka hau gindin Totil aka kawo mana gahawa a jabana, da citta a ciki, ga turaren wuta, ga gugguru a faranti.

Bayan Kasala ƙasa takan sauya. Baƙar lakar Gadarif mai kama takalmi ta ƙare, sai tsakuwa da ƙaya da raƙuma. Ƙasar Bija ce, Hadandawa da danginsu, maza da farin kaya da 'yar shara a sama, wasu da takobi a kafaɗa. Ka wuce Durdeb, ka isa Hayya inda hanyar Khartum ta haɗu da tamu, ka hau duwatsu zuwa Sinkat inda iska ke da sanyi. Daga nan sai gangaren da ake kira Agaba, mai kwana-kwana, kunnuwa su toshe, manyan motoci suna rarrafe a ƙaramin giya. Babban ɗana ya nuna wata da yatsa ya ce, "Baba, wannan lodin irin namu ne." Na ce ai ga ka ga hanyar abincinka.

Da aka gama gangara, ƙasa ta miƙe, sai ga wani zare shuɗi can ƙarshen gani. Autata ta ce, "Baba, ba ja aka ce mana ba?" Gaskiyarta, don da Larabci Baharul Ahmar ake ce masa a makaranta. Wasu masana na cewa sunan ya samo asali ne daga wani ƙanƙanin tsiron ruwa da kan yaɗu a samansa wani lokaci ya sa shi ya yi jaja-jaja. Mu dai shuɗi muka tarar.

Yadda ruwan yake

Wanda ya saba ganin teku a talabijin zai zaci taguwa ce ke dukan gaɓa da ruri. A nan ba haka ba ne. Akwai shingen duwatsun murjani a cikin ruwa, yana bin gaɓa, shi ke karya ƙarfin taguwa tun daga nesa. Saboda haka ruwan bakin gaɓa a kwance yake, garai-garai, kana ganin yatsun ƙafarka da ƙananan kifaye masu launi suna zagaya su. Kusa da kai kore-kore ne, can bayan shingen kuma shuɗi mai duhu kamar baba a marina, da layi tsakaninsu kamar an ja da alli.

Gishirinsa ya fi na yawancin tekuna. Lita guda tana ɗauke da wajen giram 40, alhali galibin tekunan duniya wajen 35 ne, domin babu kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa, rana kuma tana ta shanye shi. Yaro ya fito, kafin ya kai inuwa jikinsa ya yi fari. Kada a shiga ba takalmi, murjani yana yanka kamar reza, akwai kuma wani abu mai ƙayoyi kamar bushiya a tsakanin duwatsu.

Lokacin zuwa shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, ga danshi mai hana numfashi, har mutanen garin ma masu hali sukan gudu Sinkat ko Arkawit. Mun sauka wurin wani abokin ciniki. Da yamma mukan fita kornish, titin bakin ruwa inda iyalai ke shimfiɗa tabarma, masu shayi da gahawa suna jere. Mun ci kifin najil a kasuwar kifi ta Sigala, mun ci salat, naman da Bija ke gasawa a kan duwatsu masu zafi. Can cikin teku, wajen kilomita 25 daga gari, akwai Sanganeb mai hasumiyar fitilar jirage, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016.

Abin da rana ke yi wa kyamara

Kafin mu taso na kai kyamarar wurin wani mai situdiyo a kasuwar Gadarif, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar hoton fasfo da na biki. Na aika aka kawo mana shayi. Ya juya ta a hannu ya ce, "Alhaji, abin nan ba shi da hankali, awo kawai yake yi, kamar sikelinku. In ka san inda yake cuta, ka gama da shi." Abin da ya koya mini na gwada shi ɗaya bayan ɗaya a bakin ruwa, ga shi nan.

Na farko, ka san inda gaɓar take kallo. Gaɓar Sudan gabas take kallo, rana daga cikin teku take fitowa. In ka tsayar da iyali da hantsi, ruwa a bayansu, to rana ma tana bayansu, kyamara tana kallon ta ido da ido. Ruwan zai fito fari fat, mutanen su fito baƙi ƙirin kamar kututture. Safiya ta hoton fitowar rana ce da inuwar kwale-kwalen masunta. Hoton mutane sai bayan azahar, sa'ad da rana ta koma bayan mai ɗauka. A Janairu tana fitowa wajen ƙarfe 6, tana faɗuwa ƙarfe 5 da 'yan mintuna, duwatsun yamma kuma sukan tare ta kafin nan. Daga ƙarfe 3 zuwa 4 da rabi nan ne kasuwar take ci: ruwa ya yi shuɗi sosai, fuska ta fito da haskenta. 'Yan'uwa na Jidda ku juya lissafin, taku gaɓar yamma take kallo, ku da safe za ku ɗauki mutane, da yamma ku ɗauki faɗuwar rana. Na Legas da Kwatano da Lome da Akara, taku kudu take kallo, rana daga gefe take zuwa muku safe da yamma.

Na biyu, tsakar rana ba ta hoto ba ce. Haske daga sama yake saukowa, idanu su faɗa rami, hula ko mayafi ya jefa inuwa a rabin fuska, kowa ya yamutse goshi. In dole ne, a shiga ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, a zauna a bakinta ana fuskantar waje.

Na uku shi ne cutar da mai situdiyo ya faɗa. Kyamara tana tara duk hasken da ke gabanta ta raba, ta nemi tsaka-tsaki. To ga farin yashi, ga ruwa yana walƙiya, ga farar jallabiya. Sai ta ga haske ya yi yawa, ta rage. Da ta rage, fuskar baƙar fata ce take fara ɓacewa, sai haƙora da idanu. Maganinsa wani ɗan maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa. Ka matsa shi zuwa +1 ko ƙasa da haka kaɗan, ka ɗauka, ka duba. Na ɗauki uwargida sau biyu a wuri ɗaya, ɗaya yadda kyamara ta so, ɗaya da +1. Da ta ga na farkon ta ce, "Malam, wannan wace ce?" Lambar nan da ake kira ISO kuwa a bar ta a mafi ƙanƙanta, 100 ko ƙasa, haske ya wadata.

Na huɗu, kunna filasha da rana tsaka. Mutane za su yi maka dariya, ƙyale su. Hasken nan shi ke cike inuwar da ke ƙarƙashin ido da haɓa. Sai dai na ƙaramar kyamara ba ya wuce taku uku ko huɗu, don haka matso kusa. Matsowa da ƙafa ma ya fi janyo hoto da maɓalli, domin in janyowar ta wuce ƙarfin gilashin, kyamara yanka hoton kawai take yi ta buɗa shi, ya fito dishi-dishi.

Na biyar, layin da ruwa ya haɗu da sama ya miƙe. In ya karkace, teku zai zama kamar zai zube ta gefe guda. Kada kuma layin ya ratsa wuyan mutum. In yara kake ɗauka, durƙusa daidai tsayinsu. Rana takan hana ganin allon bayan kyamara, sai ka yi masa inuwa da hula ko gefen rawani. Kuma kada kullum a jera mutane kamar masu hoton katin shaida. Hotunan da muka fi kallo yanzu su ne waɗanda ba wanda ya san an ɗauka: autata tana ihu ruwa ya taɓa ta, yayyenta suna tona rami.

Na shida, tsaron kyamarar kanta. Ƙwayar yashi guda ta isa ta maƙale idon nan mai fitowa yana komawa. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, gishiri kuma tsatsa ne. Igiya a wuyan hannu kullum, in an gama a sa ta cikin leda mai zif, ba a ajiye ta a tabarma, ba a miƙa wa yaro mai jiƙaƙƙen hannu, ba a barin ta a mota a rana. In za ka goge gilashin, fara hure yashin tukuna, sannan ka sa ƙyalle mai laushi. Bakin jallabiya yana karce shi. In ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyi, bar ta a jaka kamar minti 15, in ba haka ba gilashin zai yi gumi. A saita mata kwanan wata da lokaci kuma. Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya ranar 1 ga Nuwamban 2017, tawa kuwa da agogon Saudiyya ta zo, sai da mai situdiyo ya gyara.

Sawakin

A rana ta huɗu muka koma Sawakin, wajen kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Tsohon garin tsibiri ne zagayayye kamar faifai, a cikin wani lungun ruwa, an haɗa shi da tudu da 'yar gajeriyar hanya mai ƙofa. Turkawa sun riƙe shi tun ƙarni na 16, Misirawa suka karɓa a 1865. A shekarun 1880 Usman Digna, jagoran mayaƙan Mahadi a gabas, ya hana Turawan Ingila sakat a kewayensa, kuma sunansa tashar jiragen Jidda take ɗauke da shi yau. Attajiran garin sun gina benaye hawa biyu da uku da dutsen murjani da aka sassaƙo daga teku, da tagogin katako masu ado da ake kira roshan, waɗanda mata ke ganin titi ta cikinsu ba a gan su ba.

Abin da ya kashe garin darasi ne ga duk ɗan kasuwa. Mashigar ruwansa ƙunci gare ta, manyan jiragen zamani ba sa sakewa. Sai Turawa suka fara gina sabuwar tasha a arewa a 1905, suka buɗe ta a 1909, ita ce Bur Sudan. Ciniki ya tashi, attajirai suka bi shi. Dutsen murjani kuwa sai da yaɓe a kai a kai, in aka bar shi danshi da gishiri su cinye shi. Gidan da ba kowa ba mai yaɓe. Yau tsibirin tulin farin dutse ne, nan bango guda a tsaye, can ƙofa ba ɗaki. Masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, Turkawa sun gyara su, kuma wata guda kafin zuwanmu, a Disambar 2017, shugabansu Erdogan ya ziyarci wurin. Kyanwoyi sun yi yawa a kangayen. Mutanen gari suna ba da labarin cewa nan Annabi Sulaiman ya tsare aljanu, don haka ba mai korar kyanwa. Yarana suka maƙale a jikin uwarsu.

Farin dutsen nan ya fi yashi ruɗa kyamara, don haka muka jira la'asar a inuwar masallaci. Gwaggo tun daga Gadarif ta ƙi hoto. Duk sanda na ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta ce, "Ni ba na wannan abin, ɗan nan." Ban matsa mata ba. Da aka yi sallah ta ce a kai ta bakin ruwa. Ta tambayi wani masunci ina Jidda take, ya nuna arewa maso gabas. Ta cire takalmi, ta riƙe kafaɗar babban ɗana, ta shiga har idon sawu. Ta daɗe tana kallon wajen. Sannan ta ɗaga hannu ta yi wa mahaifinta addu'a, ta bi sunayen waɗanda suka fito tare da shi ɗaya bayan ɗaya, wanda aka binne a Wadai, wadda ta rasu wurin haihuwa a Ubayyid, sunayen da ban taɓa ji ba. Na sa ɗana ya rubuta su a bayan tikitin bas.

Da ta shafa, sai ta juyo ta ce, "Kawo abin naka. Ɗauke ni a nan, a nuna wa jikoki 'yar Malam ta iso." Rana tana bayana, na ƙara haske, na kunna filasha, na matso taku uku. Fuskarta ta fito har zanen da aka yi mata tana jaririya, bayanta ruwa shuɗi. Allah bai nufe ta da hayewa ba ita ma. Ta rasu da daminar 2021, Allah ya jiƙanta. Wannan ne kaɗai hotonta da ba na katin shaida ba.

Inda ba a ɗaga kyamara

Tun kafin yaƙi, ba a ɗaukar tashar jiragen ruwa, ko gada, ko shingen bincike, ko barikin soja, ko ginin gwamnati. A da, baƙo mai fasfon wata ƙasa kuwa sai da takardar izinin ɗaukar hoto. Yanzu abin ya ninka. Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 gwamnati ta koma Bur Sudan da zama, a watan Mayun 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka kai wa garin hari. Mutumin da aka gani yana nuna kyamara wajen tasha zai sha tambayoyi, in ma ya tsira da kyamarar. Tambayi mai masaukinka kafin ka fito da ita, in ya ce a'a, a'a ɗin ke nan.

Mutane ma haka. Ba a ɗaukar matan Bija, kuma namiji ma sai an yi sallama, an sha gahawa, an nemi izini. In iyalin wasu suna wanka kusa da ku, juya musu baya. Namu matan kuwa, hoton gida na gida ne. Kada yaro ya ɗora hoton uwarsa ko yayarsa a Facebook ko a WhatsApp ba da yardarta ba.

Hoton da ba a wanke ba

Da Madani ta faɗi a Disambar 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, Gadarif ta cika maƙil. Makarantu suka zama masauki, kowane gidan Bahaushe ya karɓi nasa rabon na 'yan'uwa daga Jazira da Sinnar. Sun zo da kayan jikinsu. An ƙwace wayoyi a hanya, kundin hotunan biki an bar shi a durowa a gidan da ba a san halin da yake ciki ba. Wata baiwar Allah da ta zauna a gidanmu wata huɗu ta ga yarana suna kallon hotunan Sawakin, ta ce da uwargida, "Yaya, ni ko hoton babansu ba ni da shi." Duk hotunansa a waya ɗaya suke, wayar ta tafi. Ƙaramin ɗanta shekararsa biyu lokacin. Zai tashi kamar yadda na tashi, ana ce masa ya kalli hancin wani.

Mu 'yan kasuwa ba ma zuba jarinmu duka a mota ɗaya. To hoto ma haka. Daga cikin wajen 400 da na ɗauko, na zaɓi 30 na kai aka wanke a takarda, a bayan kowanne na rubuta sunayen mutanen da wurin da ranar. Mimorin kyamarar na cire shi, na sa a gwangwani tare da takardun gida, na sayi wani. Sannan na tura duka wurin ɗan yayata a Kano da wani aminina a Jidda. Mai turawa ta WhatsApp ya tura a matsayin fayil, domin in ya tura ta hanyar da aka saba, manhajar takan matse hoton, ranar da za a wanke shi babba ya fito a dagule. Wanda ba shi da kyamara, wayarsa ta isa, duk abin da na faɗa game da rana da inuwa ya hau kanta.

Ba sai an je teku ba. Akwai tsoho a gidanku yanzu haka wanda ya san sunan garin da aka fito da sunayen waɗanda aka bari a hanya. Ku fito da shi tsakar gida bayan la'asar, rana a bayan mai ɗauka, a ƙara haske kaɗan, a ɗauke shi, a rubuta abin da ya faɗa. In kuma Allah ya kawo zaman lafiya, hanya ta yi kyau, kakar riɗi ta yi albarka, a ware kuɗin buhu biyu ko uku a kai iyali Sawakin da sanyi, a tafi da tsofaffin tun suna iya hawa mota. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya.